Kujerar Bakin Ƙofa

Da zarar zafin Greensboro, nan Amurka, ya fara sauka, kantuna sun baje jakunkunan makaranta, sai matan wajenmu su fara yi mini sallama. Matan aure ne, wasu da 'ya'ya uku, amma a idona 'yan mata ne. Su ɗosana a bakin kujera, waya a hannu, su ce, "Inna Hajo, mun yanke shawara. Bana cire yara za mu yi daga makaranta, homsukul za mu fara, karatu a gida." Yadda suke faɗa sai ka ce labulen falo za su canza. Sun ga wata a waya da farin tebur da furanni da yara masu murmushi, sun yi wa rogo ganin kitse.

Ni ban taɓa zama a aji ba, na boko ko na zaure. Wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma na haura shekara ashirin ina aiki a gidajen da aka mayar makaranta, daga gabashin gari har McLeansville. Ba karatu nake koyarwa ba, doka ma ba za ta bar ni ba. Ni mai zama ce. Uwa na koyarwa, ni ina goye da jariri, ina duba tukunya, ina tsare ƙofa. Na ukun nan shi ne sana'ar. Sauran biyun kowace mace za ta iya.

Dokar jihar nan ba ta da tsawo, an karanta mini ita har ta zauna a kaina. Yaro daga shekara bakwai har ya cika sha shida dole yana makaranta. In a gida za ki koyar, sai kin sanar da ofishin jiha a Raleigh, kin raɗa wa makarantar suna, kin nuna takardar gama sakandare. In dipulom ɗinki na gida ne da Faransanci, ki nemi mai fassara. Ki jira amsa ta zo kafin ki cire yaro daga inda yake. Wata tara a shekara ana karatu, kina rubuta ranakun da aka zauna. Katin rigakafi yana ajiye. Sau ɗaya a shekara yara su yi jarrabawa irin wadda ake yi a faɗin ƙasa, karatu da rubutu da nahawun Turanci da lissafi, ki adana sakamako ko za a tambaya. Ranar da kika gaji, ki sanar kin rufe. Sai ta ƙarshe, wadda duk suke gyaɗa kai su wuce: 'ya'yan gida biyu kawai. Gida ya zama uku, ba makarantar gida ba ce kuma, ta koma makarantar kuɗi, mai neman binciken 'yan kwana-kwana da na 'yan duba-gari, abin da falon haya ba zai taɓa ci ba.

"Wannan ta ƙarshen ai ita ce mafi sauƙi, Inna," in ji su.

To. Allah Ya nuna mana.

Aikina na fari a gidan Mis Bernis ne, wata baƙar Ba'amurkiya a gabashin gari, tsohuwar malama da ta bar aiki tana koyar da jikokinta a ɗakin cin abinci. Jaririn gidan aka ɗauke ni in riƙe. Lokacin Turancina bai wuce gaisuwa ba, da hannu muke magana. Wata safiya aka ƙwanƙwasa, na leƙa ta taga na ga faston cocinsu da kwalin kek a hannu. Na ruga zan buɗe, don mu a Maraɗi baƙonka annabinka. Matar nan ta ɗaga yatsa ɗaya ba tare da ta ɗago kai daga littafi ba. Fasto ya ƙwanƙwasa, ya sake, ya ajiye kwalin a dakali ya tafi. Na ce a raina wannan ba ta gaji arziki ba. Washegari ta jawo wata kujerar katako ta ajiye a bayan ƙofa, ta nuna ni, ta nuna kujerar, ta nuna agogo. Daga karin kumallo zuwa azahar ba mai shiga. Shekara biyu na yi a kujerar nan. Abin da na koya a wurinta ke nan, kuma ya ishe ni ci da sha har yau.

Kayan aikina ba su da yawa. Zanen goyo mai kauri, don jaririn da ke baya ba ya yaga littafi. Kwandon roba da nake bi da shi da safe kowa ya jefa waya, uwa ce ta farko. Ɗan agogon girki mai ƙararrawa, don yara sun fi jin tsoronsa da muryar uwarsu. Fulas na kunu, don wanda kika hana shiga ba kya barinsa ya tafi da bushewar baki. Sai kujera. Kowane gida na je, kafin in tambayi inda banɗaki yake, sai na ga inda za a ajiye mini kujera.

Na yi aiki da mata iri-iri, kuma yawancinsu ba doka ce ta kayar da su ba. Akwai wadda ta cika kabad da littattafai, ta ɗinka wa yara yunifom, ta raɗa wa makaranta suna mai tsawon addu'ar biki. Kafin wata uku yaran na yankan albasa, ita tana waya da Yamai. Akwai wadda ke aikin dare a sito a titin Wendover tana ɗaga kwalaye, ta dawo da asuba ta ce za ta koyar da lissafi. Na sha cire mata fensir daga hannu in lulluɓe ta a kan tebur. Akwai wadda ta ɗauka hadda kaɗai ta wadatar, sai da takardar jarrabawa ta iso ta gane ba a tambayar izu a ciki. Akwai wadda ta cire yara ranar da ranta ya ɓaci, ba ta jira amsar Raleigh ba, makaranta ta yi ta kira tana ƙirga musu fashi, ita kuma tana ɓoye wa miji waya. Akwai ma wadda ranar jarrabawa tari ke kama ta duk sanda fensirin ɗanta ya nufi inda ba daidai ba. Malamar da aka kira ta kula da jarrabawar ta dube ni, na dubi uwar, na ja ta kicin na miƙa mata muciya. Ranar uwa na tsare, ba baƙo ba.

Ramatu ba ta cikin waɗannan. Ita ce mace ɗaya da na gani ta yi abin a kan ƙa'ida tun daga tushe, kuma ba sha'awa ce ta sa ta ba. 'Yarta Nafisa sikila gare ta. Gidansu a McLeansville yake, can ciki, sai ka bi doguwar hanyar tsakuwa kafin ka fito titi, kuma a bakin titin bas ɗin makaranta ke tsayawa tun gari bai gama wayewa ba. Da hunturu ya shigo, tsayuwar nan a sanyi ita ce ke kwantar da yarinyar. Ta tsaya Litinin, Laraba tana asibiti ana ƙara mata ruwa, tana cizon filo don ciwon ƙashi. Hunturu biyu a haka, Ramatu ta ce ya isa. Ta sa aka fassara dipulom ɗinta, ta aika, ta jira amsa, sannan ta cire ta. Gida na biyu kuwa na Maman Walid ne, wata 'yar Zariya da ke kusa da su, mai yara biyu. Ita ke ɗaukar lissafi, Ramatu na ɗaukar Turanci. Gida biyu, an cika. In makarantar nan ta rushe, Nafisa ta koma bakin titi. Kowa a gidan ya san wannan, har jaririn da ke bayana.

Ƙananan masu ƙwanƙwasa ba su taɓa ba ni wahala ba. Mace ta zo da yaro a hannu, "Inna, minti biyar, zan leƙa Wendover in dawo, ya zauna ya ɗan saurara." Minti biyar na Wendover na san shi, sai la'asar. In zuba mata kunu, in tambayi mutanen gida, in juya ta da ɗanta. Ta tafi tana cewa tsohuwar nan ba ta da mutunci. Ramatu kuwa in sun haɗu a wurin suna sai ta kama hannunta, "Wallahi ban san kin zo ba, kin san halin Inna." Haka ake yi. Matashiya ba ta iya cewa a'a a garin da kowa ya san uwar kowa. Tsohuwa ta iya, don ba abin da ya rage a hana ta. Bakina suke haya, ba hannuna ba.

Sai Alhaji Salisu. Duk wanda ya zo garin nan daga wajenmu a shekarun nan, da wuya bai kwana a falon Alhaji ba. Isufu, mijin Ramatu, wata shida ya yi a kan doguwar kujerarsa. Alhaji ne ya sama masa aikin farko, shi ya koya masa tuƙi, shi ya tsaya masa har aka kawo Ramatu. Mutumin kirki ne, ban taɓa cewa ba shi ba ne. Amma irin mutanen kirkin nan ne da ba su taɓa jin kalmar a'a da Hausa ba.

Wani abu ya haɗa shi da makarantar 'ya'yansa a tsakiyar shekara, har yau ban san ko mene ne ba, wasu sun ce abincin rana, wasu sun ce wani darasi. Ranar Juma'a bayan an sallame, a gaban mutane, ya dafa kafaɗar Isufu ya ce daga Litinin yaransa biyu za su koma lakwal ɗin Ramatu, wato makarantar gidanta, a ba shi takardar Raleigh ya kai wa makaranta shaida. Isufu ya ce, "To, Alhaji." Me zai ce? Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Asabar na tarar da Ramatu tana wanke tukunyar da ta riga ta wanke.

"Inna, in sunan makarantata ya shiga takardun yaran Alhaji, gida ya zama uku. Ranar da aka duba, shi ke nan."

"Kin gaya wa maigidan?"

"Ya sani. Ya ce ba zai iya haɗa ido da Alhaji ba. Ya ce ko Maman Walid za mu ba haƙuri."

"Ita ta ɗauki lissafin, ke kin iya?"

Ta ci gaba da dirzar tukunyar.

"Litinin ki shiga da yara ɗakin ciki," na ce. "Ki rufe. Ko me kika ji, ba ki ji ba."

Litinin da sanyinta, ciyawa duk ta yi fari. Isufu ya fice tun da duhu, wai an canza masa shif. Na fito da kujerata waje, na ajiye a kan dakali, na jingina bayana da ƙofa, fulas a gefe. Motar Alhaji ta shigo tana taka tsakuwa. Ya fito da babbar riga a kan jaket, yaran biyu na biye da sabbin jakunkuna, namiji da mace. Macen, Zuwaira, ba ta wuce shekara goma ba. Uwarsu Hajiya Indo ta zauna a gaban mota, ta ɗan sauke gilashi.

Muka gaisa har ƙasa, na tambayi gida, ya tambayi ƙafata. Na zuba wa yaran kunu.

"Inna, a buɗe mana, sanyi."

"Ana karatu, Alhaji."

"Ai karatun muka kawo."

"An cika."

Ya yi dariya, ya waiwaya ya dubi motar. "Falon Isufu ne ya cika? Ni na taya shi shigo da kujerun nan. Inna, ɗa na kowa ne."

"A Maraɗi. Nan jiha ta ce na gida biyu ne."

"To a sallami na 'yar Zariyar. Mu da muke tushe ɗaya."

"Ranar da aka kai Nafisa asibiti da tsakar hunturu, 'yar Zariyar ce ta tuƙa. Tushe yana wurin aiki."

Fuskarsa ta canza. Ya rage murya, irin ta mai sayar da mota. "Ke ba ki san takarda ba, Inna, bari in sauƙaƙa miki. Ni da Isufu gida ɗaya ne. Sai a ce riƙonsu Ramatu take. Riƙo ai al'adarmu ce, ba ƙarya aka yi ba."

Ban san takarda ba, gaskiyarsa. Amma riƙo na san shi, don ni kaina 'yar riƙo ce, gwaggota ta ɗauke ni tun ban yi wayo ba.

"Madalla," na ce. "In riƙo ne, Alhaji, a yi riƙo. Koma ka kwaso katifunsu da kayan sawarsu. Nan za su kwana, nan za su tashi. Ramatu ta dafa su ci, ta hana su haƙura, ta buga ba mai tambaya. Sallah su zo muku yini su dawo. Ita wannan," na nuna Zuwaira, "daga ɗakin Ramatu za a ɗauke ta ranar aurenta, Isufu ne zai karɓi gaisuwa. In jiha ta nemi takardar kotu a kai, ka je ka sa hannu ka ba da su. Amma riƙon da ake kawowa da hantsi a ɗauke da azahar, ban taɓa jin sa ba, ko a Maraɗi."

Zuwaira ta saki kofin kunu ya fashe, ta ruga mota, tana faɗa wa uwarta wani abu da Turanci cikin kuka. Hajiya Indo ta ƙarasa sauke gilashin. Ba ni ta duba ba.

"Alhaji, ta da mota."

"Hajiya, tsaya mana, magana ce ake..."

"Na ce ta da mota. 'Ya'yana ba marayu ba ne."

Ya tsaya yana dubana, ni ina ɗauraye kofi. Ya ce, "Isufu zai ji wannan." Na ce Allah Ya kiyaye hanya.

Isufu ya ji. Da yamma ya ɗauki dattawa biyu suka je ba Alhaji haƙuri. Ya rantse bai san komai ba, tsohuwar ce ta fara rikicewa, kuma ya sallame ta. Don maganar ta tabbata, ya sallame ni ɗin. Ramatu ta kawo ni gida da kujerata a bayan mota. Ba zalunci ba ne, ku daina buɗe baki. Ƙofar da aka doka ita ake canzawa, ba gidan ba. Alhaji ya samu wanda zai ɗora wa laifi, Isufu ya tsira da fuskarsa, kuma mutum irin Alhaji ba ya komawa inda aka taɓa juya shi, ko an shimfiɗa masa darduma. Yaransa kafin sati ya zagayo sun koma makarantarsu, ba abin da ya same su.

Shekarar ce mummunar shekarata. Hajiya Indo ita ce uwar ƙungiyar mata, ba ta ce a guje ni ba, ba ta dai ƙara ambaton sunana ba, sauran suka gane. Ba mai kira na raino, ba mai kira na wankan jego. A wurin suna in na zauna, sai tabarmar ta yi faɗi. Na koma ninke tawul a wani otal a Wendover, tsaye daga safe har la'asar, ni da 'yan matan da na girmi uwayensu, injin busarwa na hura mini zafi a fuska. A nan gwiwar nan ta lalace. Sai da wata 'yar Gana da ba ruwanta da ƙungiyarmu ta buɗe makaranta a gidanta, dangin miji suka dame ta, ta ji labarin wata tsohuwa marar mutunci, ta aiko a nemo ni. Daga nan aiki ya dawo. Abin da aka kore ni a kansa, shi ake nemana da shi har yau.

Nafisa ba ta ƙara tsayawa a bakin titin nan ba. A teburin uwarta ta gama, ta wuce kwaleji, yanzu tana aiki a wani kantin magani. Ciwon bai bar ta ba, ba ya barin mutum, amma tana tsaye da ƙafarta. In ta gan ni takan durƙusa ta gaishe ni da Hausarta mai ƙashi. Alhaji kuwa har yau in mun haɗu sai waya ta kama shi.

Shi ya sa in 'yan matan nan sun gama lissafa mini kwamfutar da suka saya da sunan da suka zaɓa, nakan bar su su ƙare, sannan in yi tambaya ɗaya: duk garin nan, wa kike jin kunya? Wa zai tsaya a ƙofarki da yaro a hannu ki kasa haɗa ido da shi? Wadda ta ce ba kowa, in ce ta tashi ta tafi, ko maƙaryaciya ce ko ba ta da kowa, kuma duka biyun ba na aiki da su.

Bana wata ta zo ita kaɗai, da yamma, da yaro ɗan shekara shida da ba ya son a taɓa shi, yana toshe kunne in mota ta wuce. Ta gaishe ni a ladabce. Ta ce ta aika Raleigh, amsa ta zo, ta nemo littattafan da suka dace da shi, gida na biyu ma ta samu, wata ce mai yaro irin nata. Ba ta ce abin mai sauƙi ba ne. Na dube ta da kyau, na ga goshin Hajiya Indo.

"Zuwaira ce?"

"Ni ce, Inna."

"Kin biya ni kofina?"

Ta yi dariya ta sunkuyar da kai. Na yi mata tambayar da nake yi wa kowa. Ba ta yi dogon tunani ba.

"Baba. Ya riga ya faɗa a masallaci, wai duk jikokinsa wurina za su koma. Gida huɗu, Inna. Ran Litinin zai kawo su."

"Mijinki fa?"

"An canza masa shif."

Na dubi yaron, ya samu agogon girkina yana juya shi a hankali kusa da kunne. Na ce ta zo ta ɗauke ni tun da sassafe, kafin ciyawa ta bushe. Ta samo kujera mai jingina da matashi, don gwiwata ba ta da ba ce. Kunu kuma ta dama da yawa, Alhaji na son mai tsami.